Matsoracin da Ke Gadin Duniyoyi

"Idan ba can za ka ba, me ya sa ka wasa bakin shebur?"

"Tsatsa ya fara yi."

"Shebur ɗin da kake shafa wa mai kamar jariri shi ne ya yi tsatsa? Tsoho, dube ni."

Nusret bai dube ta ba. Ya zuba wa finjalin gahawarsa ido. Zumreta, matarsa, ta karɓe finjalin ta ajiye, ta ci gaba da jiran amsa.

"Ba ni zan riƙe shi ba," ya ce a hankali. "Dina ce za ta haƙa ramin bana. Ita ta ce in wasa mata."

"Ka wasa wa 'yarka shebur, ta je ta soka shi a ƙasa a bayan jan allo."

"Ta ce hanyar mafarauta za su bi."

"Ƙanenka Refik ma hanya ya bi."

Zumreta ce da bakinta ta ba ni labarin wannan safiya, safiyar Lahadin farko ta watan Mayun da ya wuce, ranar da aka shirya maistor Nusret zai ajiye aiki. Maistor muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk gwanin aikin hannu, amma a bayan idonsa duk garin Topolik Zomo suke kiransa. Ba ƙarya suka yi masa ba. Babu matsoraci kamarsa a gaɓar kogin Sava. Idan tayar keke ta fashe, sai ka gan shi a durƙushe ya rufe kai. Ranar bikin aure, da samari suka fara harba bindiga sama, gida yake komawa ya kulle taga. Wannan mutumin nake so in jinjina wa yau, kuma saboda tsoron nasa ne.

Duk wanda ya taɓa hawa keke a kan ganuwar ƙasar da ke tare mana kogi ya ga aikinsa. A bakin gari akwai Rana, ƙwallon ƙarfe mai ruwan ɗorawa da ta kai ƙirjin mutum. Ka ɗan taka kaɗan sai ga Duniyarmu a kan turke, ba ta fi ƙwayar gujiya ba. Can gaba duniyar Mushtari, sai Zuhal da zobensa, sai sauran duniyoyi, kowacce an rage girmanta da nisanta da ma'auni ɗaya, yadda idan ka kai ta ƙarshe ka waiga, ba ka ko hango hasumiyar masallaci. Anto, tsohon mai raba wasiƙu da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen taurari, shi ya kawo tunanin bayan yaƙi, shi yake lissafi. Nusret ya yi walda. Mutum biyun da aka so su zama abokan gaba, ɗaya Kirista ɗaya Musulmi, suka zauna a gareji ɗaya suna gardamar girman zoben Zuhal.

Sai kuma kumbo. Akwai wani kumbo da aka harba sararin samaniya tun kafin a haifi yawancinmu, ya wuce duniyoyin nan duka, har yanzu yana tafiya cikin duhu. Nusret ya ƙera kwatankwacinsa da farin faifai da dogayen ƙafafu, girman tukunyar biki. Da yake na sama ba ya tsayawa, namu ma ba ya tsayawa: kowace shekara a farkon Mayu gari yakan fita a kan kekuna, da mai kiɗa da gasasshen rago, a tuge kumbon a matsar da shi gaba kusan rabin kilomita, a haƙa sabon rami a dasa shi inda lissafin Anto ya nuna. Yaranmu da wannan suke auna shekarunsu. Za ka ji wata ta ce, an haife ni kumbo yana wajen gonar masara.

Aikin Nusret na kullum kuwa ba biki ba ne. Da ya idar da sallar asuba, gari ya fara haske, yake ɗaure tsumma da gwangwanin fenti da famfon iska a bayan keke, ya riƙi doguwar sanda mai jan ƙyalle, ya kama hanya kafin kowa. Yakan goge kashin tsuntsu daga kan Rana, ya ƙara ɗaure abin da ya saki, ya sake ƙera zoben Zuhal duk lokacin da 'yan maye suka ɓalle shi. Amma wannan duk kan hanya ne. Ainihin abin da ke fitar da shi shi ne duba ƙasa. Mutumin da ya ƙera mana sararin sama da hannunsa ba ya ɗaga kai. Idonsa na gefen hanya, dama da hagu, yana neman abin da jiya babu shi: ƙasa da ta zame, waya da ta leƙo, jan allo mai hoton ƙoƙon kai da iska ta kayar. Kowace shekara kumbon yana ƙara nisa, tafiyar tana ƙara tsawo, shi kuma yana ƙara tsufa.

Mun san abin da yaƙi ya bari a dazuzzukan gaɓar nan. Nusret ya fi mu sani. Ƙanensa Refik ya fita saran itace bayan an yi sulhu, a kan turbar da shanu suka saba bi, Nusret yana biye da shi da amalanke, sai Refik ya taka nakiya. Ƙarar da ya ji ran nan ita yake ji har yau a cikin kowace taya da ta fashe.

Teta Kata, wato gwaggo Kata a bakinmu, mai gidan burodi, ba ta gajiya da ba da labarin shekarar babbar ambaliya. Da ruwa ya janye, ya bar laka a kan komai, ta ɗauko kwandon burodi a keke za ta kai wa mutanen ƙauyen gaba. Daf da turken Zuhal ta hango keke a gicciye a hanya, da mutum zaune dirshan a cikin laka, ya rungume wani ƙaton kare.

"Na ce, maistor, ka haukace ne? Kai da ko ɗan kwikwiyo ya yi haushi sai ka hau katanga?" in ji ta. "Ya ce, teta, don girman Allah kar ki ƙara taku ɗaya. Muryarsa kamar ta yaro. Na duba gindin turken, sai ga ta nan, koriya, ta ɗan leƙo daga laka kamar gwangwanin kifi. Daidai inda yara ke tsayawa su shafa zobe."

Ruwa ne ya ɗauko nakiyar daga daji ya ajiye ta a nan. Wayoyi duk sun mutu. Idan ya tafi neman taimako, wani zai iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, ga kuma karen nan mara gida yana ta shinshina wajen. Sai ya cafke karen. Ya riƙe shi tun hantsi har rana ta karkata, kafin teta Kata ta kai labari masu kwance nakiya su iso. Karen ya cije shi a damtse, bai saki ba. Da aka gama aka ɗago shi, wandonsa a jiƙe, kuma ba ruwan kogi ba ne. Shi da kansa yake faɗa, ba ya ɓoyewa. Karen yana gidansa har yau, sunansa Zuhal, kuma har yau Nusret yana ɗan kauce masa idan zai wuce.

Akwai kuma baƙuwar nan Bajamushiya da ta sauka daga hanya wajen turken Naftun, duniya ta ƙarshe, don ta tsinki furanni, ta wuce jan allon da ciyawa ta rufe. Nusret ya iso ya same ta can ciki tana murmushi. Ba ya jin harshenta, ba ta jin nasa, kuma ya san idan ya yi ihu za ta ruga. Sai ya cire takalminsa ya ɗaga, ya nuna mata tafinsa, ya nuna sawunta a cikin raɓa, ya fara takawa da baya a kan kwalta yana kallon ta. Ta gane. Ta dawo da baya, sawu a kan sawu, fuskarta fari fat. Tana taka kwalta ya zube sumamme. Ita ce ta ƙare da yi masa fifita da taswira. Masu kamun kifi biyu da suka gani sun yi shekara suna ba da labarin a gidan gahawa ana dariya, amma na lura idan sun zo wajen takalmin, dariyar takan ɗauke.

Na karanta labaran jarumai har idona ya gaji, masu shiga wuta suna waƙa, masu zuciyar dutse. Ban taɓa cin karo da wanda gwiwoyinsa ke karo da juna kowace safiya, kuma kowace safiya ya hau keke ya tafi wajen abin da yake tsoro ba. Kai ne wannan, maistor. Kai ne ka ɗauki tsoron gari guda ka goya, don mu samu mu hau keke muna kallon sama. Mun yi maka dariya da bakunan da ka tsare, mun taka rawa da ƙafafun da ka bar mana.

To bana lissafi ya kawo kumbo inda kowa ya daɗe da sanin zai kawo shi. A tsohon gidan famfo kwalta takan karya ta juyo wajen gari. Idan aka bi ta, kumbon zai zama yana komowa wajen Rana, abin da na sama ba zai taɓa yi ba. Tsohuwar ganuwa kuwa ta miƙe sak cikin dajin da ba a share ba, a bayan jan kirtani da jan allo. Wurin kumbo na bana yana cikin dajin.

Mu mutanen nan muna da wata cuta. Kowa yana da turbarsa da yake rantsuwa da ita a cikin dajin da aka hana. Wannan ya ce kakansa ya bi ta, wancan ya ce kowace kaka yana cin naman kaza daga can. Mun zauna da abin har ya zama maƙwabci, muna ganin mun san halinsa. Mun manta kogi ya shiga ya motsa komai.

"Maƙwabci, ɗana yana bin turbar nan farauta duk shekara," Anto ya riƙa faɗa wa Nusret tun sanyi bai wuce ba. "Ƙafafunsa biyu, je ka ƙirga."

"Ɗanka tafiya yake yi. Mu rami za mu haƙa."

"Ƙaramin rami!"

"Nakiyar ma ƙarama ce."

Anto ba mugu ba ne. Ya tsufa, zuciyarsa tana ba shi wahala, kuma abin alfaharinsa ɗaya a duniya shi ne kumbon nan bai taɓa tsayawa a wurin ƙarya ba. Dina ma ba mahaukaciya ba ce. Ita Dina, wato Elvedina, 'yar Nusret tilo, ta bar aiki a ƙasar waje ta dawo don ta gaji ubanta, ta iya walda fiye da samarin garin. A al'adarmu wanda zai kula da hanya shi ke haƙa ramin. Bana nata ne.

"Babo, tun ina rarrafe nake jin kar ki taka, kar ki taɓa, kar ki wuce nan," ta ce wa ubanta. "Na je ƙasar mutane na ga yara suna birgima a ciyawa ba wanda ya kula. Yaushe ƙasar nan za ta zama tamu? Ni na gaji."

Ya san gaskiya ce. Shi ya sa ya wasa shebur.

Da hantsi ayari ya tashi daga gindin Rana. Mai kiɗa a bayan amalanke, yara da kekuna masu tutoci, Anto a mota saboda zuciyarsa, Dina a gaba tana jan kumbon, da aka tugo jiya don a goge shi, a kan 'yar tirela, farin faifansa yana ƙyalli. Nusret yana can baya. Rabonsa da bin hanyar nan bayan wani ya riga shi, ya manta. Ya wuce Duniya, ya wuce Zuhal. Kowace duniya da ya wuce sai ya ji kamar an zare masa wani abu a ciki. Ya riƙa ganin bakin shebur ɗin a idon zuciyarsa, yadda ya wasa shi da kyau, yadda zai shige ƙasa ba gardama. Zumreta tana gefensa a kan kekenta.

A gidan famfo rago yana juyawa a kan wuta. Aka yi jawabi, aka ba Nusret agogon bango na ajiye aiki, aka tafa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Zomo ya huta, yanzu sai barci har hantsi!" Aka yi dariya. Shi ma ya yi ƙoƙarin yi.

Sai Dina ta saɓa shebur. Ɗan Anto da wani saurayi suka ɗauki kumbon. Suka nufi jan kirtani. Kiɗa ya ɗan lafa, don ko masu cika baki sun ji wani abu ya taɓa musu ƙeya. Turbar tana nan a bayan kirtanin, siririya, ciyawa ta kwanta a kanta, tsuntsaye na kuka, wuri mai kyau kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Wannan kyan shi ya fi tsorata Nusret. Haka dajin yake ranar Refik.

Ya miƙa wa Zumreta agogon, ya tafi yana jan jiki kamar mai zazzaɓi, ya ratsa mutane, ya isa kirtanin daidai lokacin da Dina ta kai hannu za ta ɗaga shi.

"Dakata, ɗana," ya ce. Haka yake kiran ta, kamar yadda iyayenmu ke kiran 'ya mace idan ƙauna ta cika musu ƙirji. "Tunda sai an shiga, ni zan fara. Ki taka inda na taka. Idan kin ji ƙara, kar ki zo wajena. Ki koma da baya, sawu a kan sawu."

"Babo, bar wasa."

Bai yi kama da mai wasa ba. Fuskarsa ta yi toka, gumi na zuba, haƙoransa na haɗuwa har na kusa suna ji. Ya ɗaga ƙafar dama, ya tsallakar da ita kan kirtanin. Ƙafar tana rawa a iska, a saman ciyawa, tana sauka a hankali.

Ihun da Dina ta yi, har masu gashin rago sai da suka saki abin da ke hannunsu. Shebur ya faɗi a kan kwalta. Ta cakumi rigarsa da hannu biyu ta fizgo shi baya, suka zube tare, ta ƙanƙame shi tana kuka tana dukan ƙirjinsa.

"Ka haukace? Ka haukace ne, babo? Idan akwai fa? Idan akwai fa!"

"Ai kin ce babu."

"Ban sani ba! Wa ya sani?"

"To kin ji shi," ya ce, yana shafa kanta. "Abin da kika ji yanzu a cikinki. Shi nake karyawa da shi kowace safiya."

Samarin suka sauke kumbon a hankali, kamar shi ma zai fashe. Anto ya taho yana dogara sanda, idonsa ya cika da ƙwalla.

"To yanzu ƙarya za mu yi wa yara, maƙwabci? Na sama bai tsaya ba."

"Na sama ba shi da ƙafa, Anto. Ba shi da 'ya."

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, bari in yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mun gode, maistor Nusret. Mun gode da zoben Zuhal da ka ƙera ba adadi, da damtsen da kare ya ciza, da takalmin da ka ɗaga wa baƙuwa. Mun gode da ba ka taɓa jin kunyar cewa kana tsoro ba, a garin da maza ke ganin faɗin haka mutuwa ce. Kai ne idon da ya kalli ƙasa don namu su kalli taurari. Ku kuma 'yan'uwana matasa, masu rantsuwa da turba, masu tsallake kirtani don ɗaukar hoto, ina roƙon ku ku ari kaɗan daga tsoron mutumin nan. Ku ji tsoro saboda wani. Ku tashi da wuri ku duba hanya kafin ƙanenku ya bi ta. Idan kun ga jan allo ya faɗi, ku tayar da shi, ku kai labari, ko da za a kira ku zomaye.

Dina ce ta ɗaga ubanta tsaye. Ya karkaɗe wandonsa, ya ɗauki shebur ɗin da ya wasa, ya koma baya daga kirtanin, ya tsaya a gefen kwalta inda injin aikin hanya ya taɓa bi ya daddanne. Ya dubi agogon bangon da ke hannun Zumreta, agogon barci har hantsi, hutun da ya yi shekaru yana mafarki. Ta gane tun kafin ya buɗe baki. Ta girgiza kai, ta share ido da gefen ɗankwali, ba ta hana shi ba.

Mutumin da ba mu taɓa jin ya ɗaga murya ba ya juyo ya fuskanci gari. Muryar ta kai har wajen masu rago.

"A nan za a dasa shi, fuskarsa na kallon daji. Ba ƙarya a ciki, Anto: zan rubuta a jikinsa da walda cewa wurinsa yana can gaba, ƙasarmu ce ba ta bar shi ya wuce ba. Duk baƙon da ya zo ya karanta, ya je ya faɗa, har a ji kunya a zo a share mana dajin nan. Ku mayar da agogonku. Ban ajiye aiki ba. Gobe da asuba ni da Dina za mu fito, ita dama ni hagu, kuma haka za mu yi ta yi har ranar da za a cire jan allon nan, in kai kumbon wurinsa da ƙafafuna biyu."